Saura Sakan Takwas: Me Ya Kamata Mu Tambayi Koci?

Akwai wata magana da ake rufe wa mutum baki da ita a filayen ƙwallon kwando na Zariya, daga Samaru har Sabon Gari. Da ka ce shawarar da koci ya yanke a ƙarshen wasa ba ta kwanta maka ba, sai wani ya harare ka ya ce, "Kai ka taɓa riƙe tim?" Shi ke nan, zance ya mutu. Ni wannan magana ba ta taɓa shiga kaina ba. Liman ma da ke gaban sahu, idan karatu ya sarƙe masa, na bayansa ne ke ɗora shi, kuma ban taɓa jin an kira wannan raini ba. Sharaɗin dai shi ne mai ɗora liman ya san ayar. To a nan ne mu 'yan kallo muke da rauni. Muna da haƙƙin tambayar koci, babu ko tantama, amma galibin abin da muke kira tambaya haushin ƙwallon da ta ƙi shiga ne kawai. Saboda haka muke zagin koci a kan abin da ba laifinsa ba, mu kuma bar shi ya wuce salin-alin da laifin da yake nasa na gaske.

Mene ne a hannun koci idan wasa ya zo gangara? A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda da ita ake wasa a ƙasar nan, zango huɗu ne, kowanne minti 10. Koci na da hutun shawara biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci, uku bayan an dawo, kowanne minti ɗaya. Amma a minti biyun ƙarshe na zango na huɗu ba a ba shi fiye da biyu, ko da ya tara ukun nan bai taɓa ba. Ɗan wasa ba ya neman hutun da kansa yadda muke gani a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Sai daga benci za a nema a teburin alƙalai, kuma ba a bayarwa sai wasa ya tsaya ko an jefa muku ƙwallo. A cikin minti biyun nan, idan aka ci ku kuka nemi hutu, koci ne zai zaɓa: ko ku sako ƙwallo daga gidanku da cikakken sakan 24, ko a kai muku ita gaba kusa da kwandon abokan karawa amma a rage muku lokacin jifa zuwa sakan 14. Ɗan wasa ya yi fawul biyar ya fita. Tim ta cika fawul huɗu a zango, to daga na biyar duk wanda masu tsaro suka yi jifan kyauta biyu ne.

Kayan aikinsa ke nan: wa zai shiga, wa zai fita, yaushe za a tsayar da wasa, wa zai sako ƙwallo, hannun wa ake so ta faɗa, a yi fawul da gangan ko a tsaya a tsare. Abu guda da ba ya hannunsa shi ne ko ƙwallon za ta shiga. Kuma a kan wannan abu guda muke yanke masa hukunci.

Mutanen Zariya ba sa bukatar a je nesa wajen misali, don a 2019 rabin garin nan 'yan Toronto ne. Masai Ujiri, shugaban Toronto Raptors a lokacin, a nan ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Koci OBJ, Ba'amurken da ya shafe shekaru gommai yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Don haka mutane suka riƙa hana idonsu barci, wasa ya fara wajen ƙarfe biyun dare ya ƙare ana shirin kiran assalatu. Ku tuna wasa na biyar na zagayen ƙarshe da Golden State Warriors, ranar da Kevin Durant ya ji ciwo a agara. Toronto na da wasa uku, Warriors ɗaya, kofi na cikin ɗakin wasan ana jira a miƙa. Kawhi Leonard na Toronto ya jefa maki goma a jere, allo ya nuna 103 da 97, saura minti uku da 'yan sakanni, 'yan kallo kamar za su tsaga rufi. Sai kocinsu, Nick Nurse, ya tsayar da wasa. Da aka dawo, Klay Thompson na Warriors ya jefa ta maki uku, Stephen Curry ya jefa, Thompson ya sake. Aka tashi 106 da 105, Warriors suka tsira.

Washegari duniya ta yi ca a kansa, har da mu nan. Wai ya kashe wutar da yaransa suka kunna, ya ba gajiyayyu damar shan iska. Amma yana da dalili, kuma ya faɗa a gaban 'yan jarida: a dokar NBA, da agogo ya sauko ƙasa da minti uku hutu biyu kawai ke rage wa koci, ragowar sun ƙone, shi kuma yana ganin yaransa na bukatar numfashi. Kana iya ƙin yarda da shi. Ni kaina har yau ina ganin da ya bar Kawhi ya ci gaba da abin da yake yi. Amma ra'ayi ne da ra'ayi, kowanne da hujjarsa. Da Curry ya ɓarar da tasa, da babu mai tuna an taɓa neman wani hutu.

Wata guda kafin wannan, shi dai wannan kocin, a wasa na bakwai da Philadelphia, ana 90 da 90, saura sakan 4.2. Aka sako wa Kawhi, ya ruga kusurwa, ya yi tsalle yana faɗuwa baya, Joel Embiid ɗan Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita biyu, ya miƙe a gabansa kamar bango. Ƙwallo ta daki ƙarfe sau huɗu kafin ta faɗa. Duk wanda ya san wasa ya san wannan jifa ce mai wuya, irin wadda idan yaronka ya yi a tirenin za ka ja masa kunne. Ta shiga, sai koci ya zama gwani. Kwana uku bayan abin da ya faru a wasa na biyar kuwa, Toronto ta je gidan Warriors ta ci 114 da 110 ta ɗauki kofi, maganar hutu ta bi iska. Mutum ɗaya ne, tunani ɗaya ne, cikin wata guda mun kira shi gwani, mun kira shi wawa, mun sake kiran shi gwani.

Gregg Popovich ma, tsohon kocin San Antonio Spurs mai kofin NBA biyar, bai tsira ba. A 2013, wasa na shida da Miami, suna gaba da maki biyar saura sakan 28, ya zaunar da Tim Duncan don ya sa masu sauri su bi masu jifan nesa. Sau biyu Miami ta ɓarar ta kuma sake cafe ƙwallon, na biyun Chris Bosh ya miƙa wa Ray Allen, ya jefa ta maki uku saura sakan 5.2, aka yi kunnen doki, kofi ya suɓuce. Kowa na tuna Duncan a benci. Kaɗan ne ke tuna cewa a cikin sakannin nan 'yan Spurs biyu sun ɓarar da jifan kyauta ɗaɗɗaya, ɗayansu ma Kawhi ne yana matashi. Da ɗaya daga ciki ta shiga, da yanzu ana koyar da cire Duncan a matsayin dabara.

To idan sakamako ba shi ne ma'auni ba, mene ne? Wani zai ce ashe ke nan babu abin da za a kama koci da shi, komai ƙaddara ce. A'a. Akwai, kuma ya fi wanda muke kama su da shi nauyi.

Na kalli wani wasan matasa a cikin garin nan, a filin siminti, da yammacin hunturu. Tim ɗin da nake goya wa baya na gaba da maki uku, saura sakan takwas, abokan karawa suka nemi hutu aka kai musu ƙwallo gaba. Minti ɗaya cur kocinmu yake da shi. Ina tsaye kusa da benci, ina jin komai. Wajen sakan arba'in ya kashe yana wanke wani yaro da ya zubar da ƙwallo tun minti biyu da suka wuce. Yaron ya sunkuyar da kai, sauran huɗun suna kallon ƙasa. Da usur ya tashi suna komawa fili, sai ya bi su da ihu: "Kar ku bari su yi jifa! In ta kama ku yi fawul!" In ta kama. Wa zai yi? A kan wa? Kafin ya karɓa ko bayan ya buga ta a ƙasa? Yara biyar suka shiga da fahimta biyar. Aka sako wa mai jifansu, wanda kowa a filin ya san shi za a nema. Mai tsaronsa ya tsaya yana shawara da zuciyarsa, sai da yaron ya tashi sama sannan ya daki hannunsa. Ƙwallo ba ta shiga ba, amma alƙali ya ɗaga yatsa uku. Yaron ya tsaya ya zuba su duka. Aka tafi ƙarin lokaci, duhu na sauka, aka cinye mu.

A teburin mai shayi aka rabu gida biyu, masu cewa laifin koci ne da ya ce a yi fawul, da masu cewa laifinsa shi ne bai ce a yi da wuri ba. Har aka kwashe kofuna ana musu. Ni a ganina duk ɓangarorin biyu sun yi masa alfarma, don sun ɗauka ya yanke shawara. Bai yanke komai ba. Ya jefa wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai nauyin da yake nasa, a kan hanyarsa ta komawa fili, bayan ya gama karya masa gwiwa.

Bayan 'yan kwanaki muka haɗu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma mutum ne da ya yi wa yaran unguwa hidimar da ni ban yi ba. Muka gaisa, na ce, "Koci, Allah ya ƙara girma, in ba za ku damu ba ina da tambaya. Wannan hali na maki uku da 'yan sakanni, kun taɓa gwada shi da yaran nan a tirenin?" Ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ma ta soma sanƙo. Yara sai bayan la'asar suke zuwa, magariba na yi mu tashi. Da me zan fara?" Na ce gaskiya ne, Allah ya taimaka. Kuma gaskiyar ce. Sai dai amsar tambayata ke nan: ba su taɓa ba.

Wannan ita ce tambayar da nake so mu riƙa yi. Ba "me ya sa ka zaɓi kaza" ba, don kusan kowane zaɓi na da mai kare shi. A'a: ka zaɓa tun kafin yau? Yaranka sun san abin da ka zaɓa? Sun taɓa yin sa da ƙafafunsu, a gajiye, agogo na tafiya? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma minti ɗaya da gumi na zuba, zuciya na bugu, 'yan kallo na ihu, ba lokacin koyar da sabon abu ba ne. Lokacin tuni ne. Koci ya kira sunan abin da aka riga aka sani, ya ce wane kai ne nan, wane kai ne can, ya bar su su sha ruwa.

Ita kanta maganar fawul ɗin ta cancanci a tsaya a kanta, don ta fi yadda ake yin ta a teburin shayi zurfi. Hujjar masu cewa a yi fawul mai sauƙi ce. Kana gaba da uku, ka riƙe mai ƙwallo kafin ya ɗaga hannu, jifan kyauta biyu kawai zai samu idan fawul ɗinku sun cika. Kafin su kamo ku sai ya jefa ta farko, ya ɓarar da ta biyu da gangan amma ta taɓa ƙarfe, nasu su riga naku cafewa, sannan su jefa. Abu huɗu ke nan a jere, kowanne na iya lalacewa. Idan kuwa ka tsaya tsaro, abu ɗaya suke bukata. A NBA, inda ake da gwanayen duniya, jifan maki uku da ke shiga ya ɗan haura ɗaya cikin uku, kuma wanda aka yi a gaggauce da hannu a fuska bai kai haka ba. A takarda, fawul na da ƙarfi.

Amma mu ba a takarda muke wasa ba. Filayenmu da yawa a waje suke. Layin maki uku na FIBA mita 6.75 ne daga kwando, kuma duk wanda ya taɓa jifa daga can iskar hunturu na kaɗawa, da ƙwallon da siminti ya cinye mata fata, a ƙarfen da ya ɗan karkace, ya san ɗaya cikin uku mafarki ne ga yawancin yaranmu. A ɗaya ɓangaren, fawul na gangan sana'a ce. Ka makara da rabin sakan, jifa uku ne. Ka rungume mutum ba tare da ka nemi ƙwallo ba, alƙali na iya ɗaukar sa fawul na rashin ladabin wasa, jifa biyu kuma ƙwallo ta koma hannunsu, wanda ya fi komai muni. Ga kuma agogo: a wasanni da dama babu allon da yaro zai ɗaga kai ya gani, wani ne a tebur riƙe da waya yana ƙirgawa da baki. Don haka ni, a irin filayenmu da irin yaranmu, na fi karkata ga a tsaya a tsare: kowa ya fita layin uku, a bar musu ƙarƙashin kwando su ci maki biyu in suna so, hannu sama, kar wanda ya yi tsalle ya faɗa wa mai jifa. Amma idan wani koci ya ce shi fawul yake yi, kuma na ga yaransa sun san wa zai yi da kuma lokacin, ba ni da ta cewa ko da an cinye su. Da shi za mu yi musu mai daɗi. Da mai "in ta kama" babu abin yin musu a kai.

Haka abin yake idan mu ne da ƙwallo muna neman ci. Dabarar da na fi gani a ƙarshen wasa a garin nan ba ta da suna, amma kowa ya san ta: a ba babban yaya, kowa ya kauce. Wani lokaci daidai ne, don gwani gwani ne, ko Toronto abin da ta yi da Kawhi ke nan. Amma ku duba jifar ƙarshe ta wancan wasa na biyar: da mutum biyu suka rufe Kawhi, ya fitar da ƙwallo, ta bi hannu ta isa ga Kyle Lowry a kusurwa, sai dai Draymond Green ya taɓa ta da yatsa. Ba ta shiga ba, amma akwai hanya ta biyu, kuma kowa ya san inda zai tsaya. Mu a nan idan aka rufe babban yaya, sauran huɗun 'yan kallo ne masu riga iri ɗaya. Kuma mu faɗi gaskiya, ba kullum ne wanda ake ba ƙwallon ya fi kowa hannu a ranar ba. Wani lokaci shi ne ya fi daɗewa a tim, ko shi ne zai yi fushi ya koma wata tim idan ba a ba shi ba, ko yayansa ne ke sayen riguna. Yaron da ya jefa huɗu a jere a zango na uku yana kusurwa shi kaɗai yana ɗaga hannu, babu mai kallonsa, don ba a son a ce an raina na gaba. Wannan ba dabarar wasa ba ce, siyasar gida ce, kuma ya halatta a tambayi koci a kanta.

Sai ƙananan abubuwa da ba sa bukatar wata baiwa, lissafi kawai. Koci ya ƙone hutunsa uku tun zango na uku don ya huce haushinsa, ƙarshe ya zo ba shi da abin tsayar da wasa. Wani kuma ya koma gida da biyu a aljihu bayan an jefa masa maki goma a jere yana kallo. Wani bai san tim ɗinsa fawul nawa ta yi ba, alhali idan biyu kawai kuka yi a zangon kuna da na kashewa ba tare da an ba su jifa ba, ku cinye musu sakanni. Wani ya zaunar da gwaninsa don ya yi fawul huɗu, yana ajiyar sa, har wasa ya ƙare yana ajiye.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Yawancin masu horar da yara a garin nan ba a biyan su ko sisi. Daga aljihunsu ake sayen raga da ruwan leda, su ne ke roƙon iyaye su bar yaro ya zo fili, su ne ke cika kuɗin mota idan za a je Kaduna ko Kano. Sama kuma ba ta taimaka ba. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabu gida biyu a kan shugabanci, gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, har a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya, abin da ya jawo D'Tigress, tim ɗin mata ta ƙasa, suka rasa gurbinsu a gasar kofin duniya aka ba Mali, kafin a janye matakin bayan aikin gama ya gama. Koci ba ya koyon ƙarshen wasa sai ya sha shiga matsatsin ƙarshen wasa, kuma wanda ke samun wasan gaske jefi-jefi a shekara, yaushe zai tara wannan? Duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wannan ne ya hana gwaji. Cikin duk abubuwan da tim ke bukata, wannan ne mafi arha. Ba ya son ɗakin wasa, ba ya son fitila, ba ya son ƙwallo ta uku. Minti goma kafin a tashi, lokacin da yara suka gaji, wanda shi ne ma daidai, a raba su biyar-biyar, a ba wani waya ya riƙe lokaci, a ce: kuna baya da biyu, saura sakan goma sha biyu, ba ku da hutu, ku je. Gobe a ce kuna gaba da uku. Jibi a ce kunnen doki ne kuma dogonku ya fita. Yaro ya makara da fawul ɗinsa ranar Talata, a yi dariya, a gyara, maimakon ya makara ranar Asabar a gaban unguwa guda ya koma gida yana jin shi ya kashe tim. Wanda ya iya ware rabin awa yana sa yara zagaye fili don horo, yana da minti goman nan.

Wani abin kuma da haushin sakan takwas ke rufe mana ido a kai shi ne yawancin wasanni ba a sakan takwas ake rasa su ba. A Yulin 2021 D'Tigers, tim ɗin maza ta ƙasa, ƙarƙashin koci Mike Brown suka doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas, da jifan maki uku guda 20, ƙasar da ta yi mana 156 da 73 a Landan a 2012. Muka ɗauka an gama. Aka je Olamfik a Tokyo aka rasa duka wasanni ukun. A na ƙarshe da Italiya muna gaba da aka shiga zango na huɗu, sai muka jefa maki 8 kacal suka jefa 24, aka tashi 80 da 71. Babu wata jifar ƙarshe da za a nuna da yatsa. Minti goma ne aka yi ana neman hanyar kwando ba a samu ba, kuma tambayoyin da ke nan su ne na koci sosai: su wa ke fili, me ya sa, me aka sauya da aka ga hanyar farko ta toshe. A gefe guda ga koci Rena Wakama a Olamfik na Faris 2024, inda D'Tigress ke baya a hutun rabin lokaci da Kanada, suka dawo suka juye wasan a zango na uku suka ci 79 da 70, suka zama tim ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen kwata-fainal a Olamfik. Aikin koci mai kyau sau da yawa haka yake, ya hana wasan kaiwa ga sakan takwas tun farko, kuma ba kasafai ake yi masa hira a teburin shayi ba.

Saura yadda za a yi tambayar, don a garin nan yadda aka faɗi magana rabin maganar ne. Manyan kocin duniya dole su zauna gaban 'yan jarida minti kaɗan bayan an cinye su, a tambaye su su amsa. Namu babu mai tambayarsu a fuska, sai a bayan ido, inda babu amsa kuma babu gyara. Girmama na gaba tarbiyya ce da ba na fatan mu rasa, amma mun mayar da ita hanyar da za a gaishe da mutum da rusunawa sannan a ci namansa da daddare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A bari ya kwana, a same shi shi kaɗai, a tambaye shi me ya gani. Sau da yawa zai faɗa maka abin da ba ka sani ba: yaron da kake cewa a sa ya murɗe ƙafa tun zango na biyu, ko wanda kake kira gwani bai zo tirenin ba mako guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani lokacin kuma zai yi shiru, kuma shirun ma amsa ce.

Su kuma kocin, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinsu ba. A ba wani yaro a benci takarda ya riƙa rubuta fawul da hutun da ya rage. A ba wani waya ya ɗauki minti ukun ƙarshe. Washegari a zauna a kalla tare, a bar ƙaramin cikinsu ya fara faɗin abin da ya fahimta an ce ya yi, kafin manya su buɗe baki. Idan amsoshi biyar suka fito daban-daban, an san inda matsalar take, kuma ba a wajen yaran ba.

Mu 'yan kallo ma akwai namu. Idan aka nemi hutu saura 'yan sakanni, kafin a sako ƙwallo, ka juya ka faɗa wa na kusa da kai abin da za ka yi da kai ne koci: wa zai karɓa, a yi fawul ko a'a, a kai ƙwallo gaba ko a taho da ita daga gida. Ka faɗa da ƙarfi, a ji. Mun soma yin haka a bencin da nake zama, kuma da wuya a samu mutum uku da bakinsu ya zo ɗaya. Wasu ma har usur ya tashi ba su gama zaɓa ba, alhali babu mai yi musu ihu a kunne, babu yaro biyar da ke tsaye suna jiran su.